Tambaya da Amsa: Ado ko Abin da Ke Ciki, Wanne Ke Riƙe Wasan Tebur?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, mu biyar ne muke haɗuwa duk daren Asabar muna irin wasan nan na tebur wanda mutum ɗaya ke jan labari sauran kowa ya ɗau jarumi guda ana jefa dayis. To na zauna na rubuta nawa wasan a kan fatake masu zuwa Gwanja sayo goro, shafi 30, amma abokina ya ce wai in ba zane masu kyau da bango mai sheƙi ba wanda zai kalle shi, ni kuma ba ni da kuɗin mai zane. Wai ado ne gaba ko abin da ke ciki?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Wallahi wannan dabara ta fatake ta burge ni, ga jakuna ga 'yan fashi ga madugu, labari ai ya samu.

Abokinka yana da gaskiya amma a kasuwa kawai. Zane shi ke sa mutum ya miƙa hannu ya ɗau littafi, shikenan aikinsa ya kusa ƙarewa. Uban waɗannan wasannin gaba ɗaya, Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, 'yan ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, kwafi 1,000 aka fara bugawa ana sayarwa dala 10, zanen ciki kuwa kai ka ce a bayan aji aka yi shi, amma haka mutane suka yi ta rububinsa saboda ba su taɓa ganin irin abin da ke ciki ba. Wani wasan mai suna Traveller na 1977 ma baƙin bango ne da rubutu kawai. Ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Sai dai kar ka yi saurin murna, don akwai abin da ku biyun kuka tsallake, wato tsari. Ado daban tsari daban. Shi wancan bugun na 1974 matsalarsa ba munin zane ba ce, dokokin ne a cukurkuɗe, wani wajen ma sai ya ce ka je ka duba wani wasan daban mai suna Chainmail, shi ya sa a 1977 aka fitar da bugu na 'yan koyo, aka sake wani a 1981. Toh ka ji abin mamaki, wani mai suna Gavin Norman ya ɗauko waɗannan dokokin na 1981 kusan bai taɓa komai a cikinsu ba, ya sake jera su kawai yadda in ka buɗe littafin duk abin da ya shafi magana ɗaya yana gabanka a shafi biyu masu kallon juna, ya sa masa suna Old-School Essentials, kuma mutanen da ke da tsohon littafin a gida suka sake zaro kuɗi suka saya. Me suka saya in ba tsari ba?

Ka tuna shi littafin wasa irin wannan ba a kwance a gado ake karanta shi ba, a tsakiyar wasa ake buɗe shi, mutum huɗu sun zuba maka ido, 'yan fashi sun tare ayari a bakin kogi, kai kuma kana ta juya shafi kana neman dokar faɗa, kafin ka samo wani ya ciro waya ya shiga WhatsApp, wasa ya mutu.

Ban ce ado banza ba ne fa. Wasan Mörk Borg na 'yan Suwidin da ya fito a 2020, rawaya da baƙi kamar fastar mawaƙa, dokokinsa kaɗan ne kuma zanen ne ke gaya maka irin duniyar da ka shiga tun kafin ka karanta layi ɗaya. Amma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka yi shi, Johan Nohr, zane ne sana'arsa, ba biyan wani suka yi ba.

Don haka ka manta da mai zane tukuna. Ka kai shafukan nan 30 a buga maka a kwamfuta da manyan kanun magana, dokar faɗa da ta ciniki kowacce a shafinta, sai taswirar hanya daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja ko da biro ka zana. Ranar Asabar ka miƙa wa shi wannan abokin naka ya ja wasan, kai ka zauna gefe ka kama bakinka, duk inda ya tsaya yana lalube ko ya juyo yana tambayarka ka sa alama, nan za ka gyara. In kun buga ka rubuto mana ko ayarin ya dawo da goron.