Allura ta shanye ƙafar ɗana: ina da haƙƙi a gaban doka?

Wani magidanci daga Tahoua ya rubuto cewa ɗansa mai shekara 4 ya yi zazzaɓin cizon sauro, aka kai shi cibiyar lafiya ta unguwa, aka yi masa allurar kinin a ɗuwawu. Tun daga ranar yaron yake jan ƙafar dama, tafin ƙafar ya saki, ko takalmi ba ya zama masa. Ma'aikacin da ya yi allurar ya ce ƙaddara ce.

Malam, Allah ya ba yaron lafiya. Imani da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba, kuma dokar Nijar ta ba ka hanya, sai dai kafin maganar kotu akwai abin da ya fi gaggawa. Ka kai yaron babban asibitin jihar Tahoua a duba shi, a fara masa gashin ƙafa da motsa jijiya tun da wuri, domin jijiyar da ta daɗe a sake tana da wuyar dawowa. Ka kuma sani cewa duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ƙa'ida ce a sanar da hukumar lafiya, a ɗauki bayan gidansa sau biyu a gwada ko shan inna ce. Kada ka ƙi wannan gwaji, domin idan ya nuna ba shan inna ba ce, ya rufe ƙofar da za a fi saurin fakewa da ita.

A shari'a, likita ko ma'aikacin jinya bai ɗauki alkawarin warkar da kowa ba. Abin da ke wuyansa shi ne ya yi aiki da kulawa bisa ilimin da sana'arsa ta tabbatar. Saboda haka ba ya isa ka ce yaro ya shiga da ƙafarsa ya fito yana jan ta; sai an tabbatar da cewa an yi kuskure, an samu cutarwa, kuma kuskuren ne ya jawo ta. A nan kana da abin riƙo, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan za a yi allurar kinin a tsoka, a gaban cinya ake yin ta, saboda babbar jijiyar da ta ratsa ɗuwawu ta gangara ƙafa. Duk da haka alƙali ba zai yi hukunci da maganarka ko tawa ba, zai naɗa likita ƙwararre ya duba yaron ya rubuta rahoto, kuma galibi a kan wannan rahoto shari'ar take tsayuwa ko ta faɗi.

Shi ya sa nake roƙonka ka adana kowace takarda: karnen lafiyar yaron, wato littafinsa na asibiti, takardar magani, rasiɗin kantin magani, har da kwalin allurar idan yana nan. Ka ɗauki hotonsu da wayarka, kada ka ba kowa na asali. Ka rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya raka mahaifiyar yaron, sannan ka nemi likitan da ya duba shi ya ba ka takardar shaida mai kwanan wata da hatimi.

Wanda za ka kai ƙara ya danganta da wurin da abin ya faru. Idan cibiyar gwamnati ce, kuskuren da ma'aikaci ya yi a bakin aiki gwamnati ce take ɗaukar nauyinsa, don haka ana fara rubuta wa hukuma takardar neman diyya, a karɓi shaidar ajiye ta, idan ta ƙi ko ta yi shiru sai a nufi kotu. Idan asibitin kuɗi ne, sashe na 1382 zuwa 1384 na kundin dokokin farar hula da yarjejeniyar da ke tsakaninku su ne madogara, kuma mai asibitin yana amsa laifin ma'aikacinsa. Akwai kuma hanyar ƙarar laifi wajen mai gabatar da ƙara, tunda doka tana hukunta raunata mutum ta hanyar sakaci ko rashin bin ƙa'ida. A ganina kada ka fara da ita, sai fa idan wanda ya yi allurar ba shi da izinin aikin, domin ɗaure ma'aikaci ba ya biyan kuɗin jinyar yaro.

Ko da ba ka yi niyyar shari'a ba, ka kai kuka a rubuce ga majon cibiyar, wato shugabanta, da shugaban likitocin gunduma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har mutum 4 cikin 10 na cutuwa a ƙananan cibiyoyi da wuraren da ake duba marar lafiya ya koma gida, kuma mafi yawan wannan cutarwa ana iya kauce mata. Kukan da aka rubuta shi ne yake sa a binciki yadda ake allura a wurin, kafin a kawo ɗan wani gobe.

Idan an nemi sulhu ta hannun mai unguwa ko dattawa, babu laifi, amma a rubuta shi, kuma kada ka sa hannu a kan yafe komai kafin likita ya faɗi iyakar raunin. Ka guji saka sunan ma'aikacin a Facebook ko WhatsApp, domin dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna, sai mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Idan ba ka da halin ɗaukar lauya, ka tuntuɓi ofishin ANAJJ, hukumar da dokar 2011 ta kafa domin taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, a babbar kotun Tahoua. Ka je da takardunka ba tare da jinkiri ba, domin doka ta yanke wa'adin shigar da ƙara.