Hotunan yunwar Yukren: wanne ne na gaskiya?

Tambaya: Malam, na ga hotunan Holodomor, wato babbar yunwar Yukren, a Facebook, sai wani ya ce na wata yunwar ce daban. Ina gaskiyar take?

Amsa: Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma a kan hotuna kaɗai. Yunwar kam an yi ta, a 1932 zuwa 1933, lokacin da gwamnatin Stalin ta Tarayyar Sobiyet, wadda Yukren ke cikinta a lokacin, ta kwashe hatsin manoma, ta kuma hana su barin ƙauyukansu. Kusan mutum miliyan 4 suka mutu a Yukren.

Ruɗanin ya samo asali ne daga yunwar 1921 zuwa 1922 a yankin kogin Volga na Rasha. A waccan, Sobiyet ta nemi agaji da bakinta, masu ɗaukar hoto suka shiga a fili. A 1933 kuwa musantawa ta yi, ta hana 'yan jaridar waje zuwa Yukren. Da jaridun Hearst na Amurka suka buga labarin a 1935, sai suka haɗa da hotunan da aka gano ba na 1933 ba ne. Wannan ganganci ya ba masu musun yunwar makami har yau.

Idan ka ga yara an jera su gaban kyamara, ko wurin rabon abincin agaji, to galibi na 1921 ne. Sahihan hotunan 1933 kaɗan ne, kuma mafi shahara na Alexander Wienerberger ne, injiniya ɗan Ostiriya da ya ɗauka a ɓoye a birnin Kharkiv na Yukren. Dubi yanayinsu: gawa yashe a gefen titi, mutane na wucewa ba mai tsayawa, ga dogon layi a ƙofar shago.

Rubutu ya fi hoto ƙarfi a nan. Gareth Jones, wani ɗan jarida ɗan Birtaniya, ya sauka daga jirgin ƙasa a Maris 1933, ya taka ƙauyuka da ƙafa, ya kwana a gidajen manoma, sannan ya fallasa abin a Berlin. Walter Duranty na jaridar New York Times ya ƙaryata shi, abin kunya da har yanzu bai wanku ba.

Masu fasaha su suka cike gurbin da hoto ya bari. A gidan tarihin Holodomor na Kyiv akwai mutum-mutumin wata yarinya ramammiya, ta rungume zangarniyar alkama a ƙirji. Ba ado ba ne: a ƙarƙashin dokar 7 ga Agusta 1932, tsintar 'yan zangarniyoyi a gonar gwamnati tana iya jawo ɗaurin shekara 10 ko harbi.