Ƙwan lantarki na gida zai iya raya shuka a cikin ɗaki?

Tambaya: Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga unguwar Bukoki a Yamai. Ta ce: "Malam, haya nake a gidan da ba ni da rabo a tsakar gida, tagar ɗakina kuma bango take kallo. Ina sha'awar shuka na'ana'a da salati da tumatir a robobi. Na zuba irin tumatir ƙarƙashin ampul ɗin ɗaki, ya tsiro, ya miƙe siriri, bayan kwanaki ya kwanta. Shin ampul na LED ko neyon zai iya tsaya wa shuka a madadin rana, ko sai na sayi fitilar nan mai ja da shuɗi da ake talla?"

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Zai iya, amma ba ga kowace shuka ba. Na'ana'a da salati da renon ƴaƴan tumatir na makonnin farko, duk ampul na gida zai ɗauke su. Tumatir da zai yi fure ya ba ki abin miya kuwa, ki cire rai da shi a cikin ɗaki.

Abin da ya kashe miki shuka nisa ne. Idon mutum yana sabawa da ƙaramin haske, shi ya sa kike ganin ɗakin fes, alhali ita shukar a duhu take. Ana auna hasken da ya sauka a kan wuri da ma'aunin da ake kira luks. Rana tsaka a Yamai takan kai luks 100,000. Ampul LED mai wat 9 ko 10, wanda ke ba da lumen kusan 800 (lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da ampul ke fitarwa), in yana rataye a rufin ɗaki, abin da ke isowa ƙasa ko luks 100 bai kai ba. Ɗan tsiro kuwa yana son wajen 10,000. Da bai samu ba, sai ya zuba duk abincin da ke cikin ƙwayar irin wajen miƙa wuya neman haske. Karan ya yi fari fat kamar zare, ganyen farko biyu suka tsaya ƙanana, ya kasa ɗaukar kansa. Wanda ya riga ya kwanta, ki haƙura da shi ki sake zuba iri.

Haske yana raguwa da sauri in an matsa. Kika ninka nisa sau biyu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne zai rage miki. Don haka ampul ya sauko kusa, santimita 10 zuwa 15 daga kan ganye, kina ɗaga shi kaɗan-kaɗan yayin da shukar ke tashi. Ki sa bayan hannunki daidai kan ganyen na minti ɗaya. In kin ji ɗumi kawai, lafiya lau. In kin ji zafi, ki ɗaga.

Ampul ɗaya ba ya isa. Ga wuri mai faɗin santimita 50 da tsawon 50, wato kamar babban faranti, ki lissafa ampul huɗu ko biyar masu wat 10. Ko kuma dogayen LED guda biyu masu tsawon mita 1.2, irin masu wat 18, a jere su kusa da juna a kan layin robobi. Ni na fi son dogayen, domin suna raba haske daidai, shukar gefe ba ta karkata tana bin ta tsakiya. Ki kewaye wurin da kwali da aka manna wa farar takarda, ki bar sama da gefe ɗaya a buɗe don iska. Wannan kwalin yana dawo da hasken da zai ɓace a bango, kuma ba ya ƙara miki kuɗin lantarki.

In kin je kasuwar Katako saye, ki duba jikin kwalin ampul ɗin. Lambar lumen ce abin dubawa, ba girman ƙwan ba. Akwai kuma lamba mai harafin K: 6500K fari ne tas, yana da shuɗi da yawa, yana sa tsiro ya yi gajere da kauri, 2700K ko 3000K shi ne mai ɗan ja-ja. Ga ganye da reno, ki ɗauki farin. Waccan mai ja da shuɗi ba dole ba ce. Gaskiya ne ganye ya fi shan waɗannan launuka biyu, amma farin haske yana ɗauke da su duka, kuma a ƙarƙashinsa ne za ki gane in ganye ya fara rawaya ko ƙwari sun kama bayansa.

Neyon, wato dogon ƙwan nan na da, mai wat 36, yana aiki, manoma a ƙasashen sanyi sun daɗe suna reno da shi. Sai dai yana cin wuta kusan ninki biyu na LED mai tsawonsa, kuma akwai sinadarin makuri a cikinsa, mai guba in ya fashe a ɗakin da yara ke kwana. Tsohon ƙwai mai zaren waya a ciki kam ki bar shi, yawancin wutar da yake ci zafi take komawa, zai dafa miki ganye.

Ki kunna awa 14 zuwa 16 a rana, sannan ki kashe. Kada ki ce bari in bar shi dare da rana don ya yi sauri. Tumatir musamman ganyensa yana yin dabbare-dabbaren rawaya in bai samu duhu ba. Lissafin wuta kuma ga shi: ampul huɗu masu wat 10, awa 16, ya kama wat-awa 640 a rana, kusan kilowat-awa 19 a wata. In an ɗauke wuta na ƴan awoyi shuka ba za ta mutu ba, amma in kwana biyu ne ki fitar da robobin bakin ƙofa. Kuma don Allah waya da soket su kasance sama da inda ruwa ke zuba, kada kuma ki yarda wani ya ce ki ɓalle farar hular ampul don ƙarin haske, akwai wuta tsirara a ƙarƙashinta.

Akwai abin da ya fi haske damuna a ɗakunanmu, wato zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40, ɗakin da ke rufe yakan kwana da zafinsa. Irin salati yakan ƙi tsirowa in ƙasa ta kai wajen digiri 30, wanda ya tsiro kuma ya yi ɗaci ya tafi fure. Shi ya sa masu garka a Gamkale da Saga, bakin kogin Isa, suke cin kasuwar salati a lokacin sanyi. Ki bi sawunsu, ki fara daga Nuwamba. Na'ana'a ta fi haƙuri, kuma ba ta buƙatar iri: ki yanki reshe daga wadda kika sayo don shayi, ki tsige ganyen ƙasa, ki tsoma cikin kofin ruwa, cikin mako ɗaya ko biyu za ki ga fararen saiwoyi. Da ita nake so ki fara.

Ƙasar kuma ta zama yashi da taki wanda ya ruɓe sosai, robar a huda mata gindi. A ɗaki ƙasa ba ta bushewa da wuri, yawan ban ruwa yana sa gindin tsiro ya ruɓe ya faɗi. Ki tsoma yatsa kafin ki zuba. Ƙaramar fanka tana kaɗa su a hankali tana ƙara wa kara ƙarfi.

Albasa kada ki gwada ta a haka. Irin Galmi na jihar Tawa yana auna tsawon yini ne kafin ya fara yin kai, kuma ya saba da yininmu na awa 11 zuwa 13. Kika ba shi awa 16, zai yi kai tun yana ƙarami ya tsaya.

Shi tumatir, ki rene shi a ɗaki kwana 25 zuwa 30, har ya yi ganye huɗu ko biyar. Wannan ma riba ce, don ya tsira daga farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye a lokacin da ya fi rauni. Daga nan yana buƙatar hasken da ya ninka na ampul ɗinki sau uku ko fiye, don haka ki nemi alfarmar wani lungu a tsakar gida ko wurin maƙwabciya inda rana ke sauka awa shida. Kada ki fitar da shi kai tsaye: ranar farko awa ɗaya da hantsi, washegari biyu, kina ƙarawa har mako ya cika, sannan ki dasa shi da yamma a babban bokiti.