Amsa ga Hajiya mai son tura doya da attaruhu da kifi Ingila ta jirgin ruwa

Wa'alaikumus salam Hajiya. Tun jiya na ga tambayarki, cewa ƙaninki mai shagon kayan abincin Afirka a Ingila yana so ki riƙa tura masa doya da attaruhu da daskararren kifi da nama ta jirgin ruwa tunda kuɗin jirgin sama ya yi yawa, kuma kina tambaya ko za su shiga kwantena ɗaya. Na ga wasu sun ce miki ai kawai ki kama rifa, kwantenar sanyi, shikenan. Allah ya saka musu, amma wallahi maganar ta wuce haka. Ni da aikin ɗakin sanyi na kifi na fara a Ijora can Legas kafin na koma harkar fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, to bari na faɗa miki abin da idona ya gani.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne rifa, wato kwantena mai injin sanyi, ba aikinta ba ne ta sanyaya kaya, riƙe sanyin da kika ba ta kawai take yi. In kika loda kaya da zafinsu na gona ko kifin da ya fara saki, haka za ta yi ta fama injin na kuka tsakiyar kayan kuma na dahuwa, sai an buɗe a can a ji wari. Dole kayan su kai sanyin da ake so tun a ɗakin sanyi kafin a loda. Iskar ma daga ƙasan kwantenar take fitowa ta ratsa kayan ta koma ta sama, shi ya sa akwai jan layi a jikin bangon ciki da ba a son kaya su wuce shi, amma mutanenmu sai a ce ai kuɗi muka biya a cika ta har rufi, to kin toshe wa iska hanya kenan.

Maganar kwantena ɗaya kuwa ki cire ta a ranki. Kifi daskararre digiri 18 ƙasa da sifili yake so, da ƙofar iska a rufe ruf. Attaruhu wajen 7 zuwa 10 yake so. Doya kuma wajen 15 zuwa 16, in sanyi ya yi mata yawa ya sauka ƙasa da 12 sai cikinta ya canja kala ya yi ruwa-ruwa, daga waje ki gan ta lafiya lau. Kuma doya da attaruhu masu rai ne, numfashi suke, sai an bar musu ƙofar iska a buɗe daidai gwargwado. Kin ga kishiyoyi uku kenan, ba mai zama ɗakin wata. Sannan rifa yawanci cikakkiya ake kamawa, mai ƙafa 40 ita ta fi yawa, ba kamar busasshen kaya ba da za ki haɗa buhu goma da na wasu a raba kuɗin. Ki fara tambayar ƙanin naki tukuna, shagonsa zai iya sayar da doya tan ashirin kafin ta tsiro?

Nama dai ki haƙura gaba ɗaya, Ingila da Tarayyar Turai ba sa karɓar nama daga Najeriya, har kilishi ma. Kifi kuma sai wanda ya fito daga kamfanin da suka amince da shi da takardar lafiya, jatan landen da ake fitarwa daga nan manyan kamfanonin jiragen kamun kifi ne ke yi, ba a kasuwa ake saya a daskarar ba. Abin dariyar ma kifin titus da shawa da kote da muke ci ai daga can ake kawo mana, Nowe da Holan da sauransu, to ki mayar musu da shi a kan wace riba? Amfaninsa ɗaya a gare ki, rifofin da suka kawo kifin suna nan Legas da yawa za su koma ba kaya, samun kwantena ba shi ne wahalar ba. Ki dai tabbatar an wanke ta an gwada injin an ba ki shaida kafin ki karɓa, doya mai ƙarnin kifi ba mai saya.

Attaruhu kuma ni a ganina ki bar shi a jirgin sama. Sati biyu zuwa uku ne ƙarfinsa ko da sanyi mai kyau, jirgin ruwa daga Legas zuwa Turai kuwa shi kaɗai zai iya cinye wannan lokacin, don sau da yawa sai an sauke kwantenar a Tanja ta Maroko ko Aljesiras ta Sifen an canja mata jirgi, ban da kwanakin da za ta yi a tasha nan da can. Ko ki busar da shi ki tura a busasshiyar kwantena, hankalinki kwance.

Saura doya, ita ce mai yiwuwa, 'yan Gana sun daɗe suna yi daga tashar jiragen ruwansu ta Tema da doyarsu mai suna puna a katan-katan. Mu ma a 2017 lokacin Audu Ogbeh na ministan noma an yi bikin tura tan 72 zuwa Ingila da Amurka, daga baya labari ya zo cewa wani ɓangare ya ruɓe. Ni da na ji ban yi mamaki ba, don a nan ƙasa ake kashe kaya tun jirgi bai gan su ba. A cikin jirgi akwai wuta akwai masu duba injin kullum, matsalar tana tsakanin gona da tasha.

Ni kaina na taɓa ƙonewa. Mun loda kayan wani bawan Allah lafiya lau, aka ɗora kwantenar a tirela da janareta a jiki, na ba da kuɗin dizal cif, sai layin shiga tasha ya riƙe motar kwanaki. Ashe direba da daddare kashe janaretan yake yana sayar da man, gari na wayewa ya kunna, in ka zo dubawa ka ga allon na nuna daidai. Sai da kaya suka isa aka buɗe, mai kaya ya kira ni da muryar da har yau ban manta ba. Abin da ya tona asirin 'yar ƙaramar na'urar nan ce mai rubuta yanayin sanyi da muka cusa cikin katan, ta nuna hawa da sauka kowane dare. Tun daga ranar ba na loda rifa ban sa guda biyu ba, ɗaya kusa da ƙofa ɗaya a tsakiya, kuma yarona ke bin motar ya kwana a cikinta har a jona ta da wutar tasha. Inshora ma ki karanta da kyau, irin na daskararren abinci da aka saba sai injin ya lalace ya tsaya awa 24 a jere kafin su biya, kashe-kunna irin na direbana ba lallai su kula ki ba.

Takardu ba su da wuyar ganewa, lokaci dai suke ci. Rajistar kamfani, rajista da NEPC wato hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinki, takardar lafiyar tsirrai daga NAQS wato hukumar duba lafiyar kayan noma, in kayan sarrafaffe ne NAFDAC ta shigo. Ki gama su kafin a loda, don kowace rana da rifa ta ƙara a tasha kuɗin wuta da kuɗin jinkiri na hawa. Kuma Turawa ba sa wasa da maganin ƙwari, a 2015 suka hana wakenmu shiga saboda maganin da ake zuba masa, kar wani ya ce bari ya fesa wa doyarki abu don kar ta ruɓe.

In ni ce ke, wannan kakar ba zan kama kwantena ba. Zan samu doyar da ta ƙosa ba mai rauni ba, a bar ta ta sha iska 'yan kwanaki ƙujewar da ta samu wajen tono ta warke, a goge ƙasar tas don ba a yarda ƙasa ta shiga ba, a sa a katan mai huji, na tura katan kaɗan ta jirgin sama ƙanin ya ga yadda take tafiya a shagonsa da kwana nawa take yi. Ki faɗa min daga ina za ki sayo doyar, Zaki Biyam ko Lafiya ko Neja, da watan da kike son lodi, sai mu lissafa kwanakin hanya tare.