Cinyar Layya da Muke Kai wa Maguzawa

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan La'asar. Ka ce abokanka na jami'a sun yi maka ca da suka ji gidanmu na aika cinyar rago ƙauyen Maguzawa duk Babbar Sallah, kana son jin asalin abin, da kuma ko gaskiya ne hukuma ta hana su addininsu.

Al'adar ta girme ni. Ina yaro ni ake ɗora wa ƙwaryar, a rufe da faifai, in ratsa gonar dawa har gidan Sarkin Nomansu. Uwargidansa ta karɓa, ta cika mini aljihu da gyaɗa, ta ce in gai da tsoho. Kaka na yi, sai ga dami biyu a ƙofar gidanmu. Giyarsu ba su taɓa miƙo mana ba, mu ma ba ma cin yankansu. In suna biki, malami suke kira daga cikinmu ya yanka akuyar baƙi. Ba wanda ya rubuta wannan ƙa'ida, amma ban taɓa ganin an karya ta ba.

Malamai na cewa sunan Maguzawa daga Majusawa ya fito, wato mutanen da shari'a ta yarda a karɓi jizyarsu a ƙyale su. Haka daular da jihadin Shehu na 1804 ya kafa ta zauna da su. Ba zan yaudare ka in ce zaman daidai wa daida ne ba. Mai biyan jizya a ƙasa yake, kuma "arne" da muke jifansu da ita ai ba kirari ba ne. Sai dai suna da gurbin da kowa ya sani.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa Musulunci ba, shi ya sa aka riƙa taka wa 'yan mishan birki a masarautu. Likita Mila ma, ɗan mishan ɗin da ya zauna cikin birnin Zariya, daga baya Wusasa aka mai da mishan ɗinsa. Sai rangadin musuluntarwa na Sardauna a shekarun 1960. Wasu suka karɓi kalmar shahada, wasu da yawa a wajen Malumfashi, Kafur da Rogo suka bi cocin ECWA ko na Katolika. Masu riƙe da tsafin kan gida yanzu 'yan ƙalilan ne, jikokin Sarkin Noman nan duk coci suke zuwa.

To, batun hani. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da na sauya shi, sashe na 10 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, jihohi goma sha biyu suka zama masu yi, Kano ta shiga a 2000, dokar Hisba ta biyo a 2003. Ni ma na je taron ƙaddamarwar, na yi kabbara har muryata ta dishe. A rubuce, hukunce-hukuncen nan na Musulmi ne. Amma burkutun da Bamaguje ke zuba wa kakanninsa ya zama abin ɓoyo, garayar 'yan bori ta koma ƙuryar ɗaki.

Abin da ya fi cin ransu kuwa ba ya cikin kowace dokar hani, a takarda yake. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa na hannun gwamna, kuma coci-coci sun daɗe suna kukan takardar mallaka ba ta fito musu. Jikan Sarkin Noma ya taɓa nuna mini fayil ɗinsa, gefen ya yi baƙi don dattin hannu, kullum "jeka ka dawo". Ɗansa ya je neman shaidar zama ɗan ƙasa, ma'aikacin ya ga sunan Bitrus, ya ɗago kai ya ce, "Kai asalinku ina ne?" Yaron da kakanninsa suka riga namu saran dajin nan! Ranar kunya ta hana ni haɗa ido da ubansa.

Ka kuma tuna wa abokan naka da 'yan matanmu na Legas da aka hana sa hijabi a makarantun gwamnati. Sai da suka kai har Kotun Ƙoli kafin su yi nasara a 2022, kuma wannan sashe na 38 ɗin suka riƙe.

Bana gwiwata ba za ta kai ni ba, kai za ka kai. In ka isa, ka yi sallama daga bakin danga saboda karnuka, ka nemi tsohuwar da ke ɗakin kudu. Ita ce 'yar wadda ke ba ni gyaɗa. Kada ka ƙi karɓar abin da ta ba ka.