Amsar tambayar Alhaji kan motar da za a shiga rali da ita daga Legas

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce ƙungiyarku za ta yi rali daga nan Legas har Argungu, ta Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, kuma kana tsakanin mota uku: wata babbar jif ta Turai mai silinda takwas, da Hilux, da Corolla. To, ka ba ni kunnenka, maganar za ta ɗan yi tsawo.

Tafiyar nan kusan kilomita 1,000 ce zuwa kawai. A irin wannan rali gudu ba ya kai mutum ko'ina, abin da ake nema shi ne ka isa kowane zango a kan lokaci, motarka da ƙafarta. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kowace mota ita ce: in wani abu ya karye a Mokwa da la'asar, akwai bakaniken da ya san ta, akwai shagon da zan sami kayanta? A Ladipo, babbar kasuwar kayan mota ta nan Legas, komai akwai, har na motar da ba ka taɓa jin sunanta ba. Amma Ladipo ba za ta bi ka Kontagora ba. Ka tuna Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Ƙarfin injinta bai kai ya kawo ba, sai dai ƙafarta na shanye rami, kuma gyaranta ba wuya.

Da wannan ma'aunin, jif ɗin nan ta Turai ka cire ta daga lissafi, musamman in mai ƙafar iska ce, wato wadda balan-balan na iska ke ɗauke da nauyinta maimakon sifirin. Balan-balan ɗaya ya fashe, motar ta durƙushe a kan taya, sai dai a nemo motar ja. Ga shan mai, ga kwamfuta da ke kashe inji saboda ƙaramar waya ta kwance. Corolla kuwa, ta 2003 zuwa 2008, injinta ba shi da laifi, sarƙa ce ke daidaita juyin cikinsa ba bel ba, kayanta har ƙauye. Matsalarta ƙasa take, tsakanin cikinta da titi bai wuce santimita 15 ko makamancin haka ba. In ka zuba mata mutum uku da jarkoki ta ƙara zama. Tsakanin Jebba da Mokwa tireloli kan murɗe kwalta ta yi kunya-kunya kamar gona, tudun tsakiyar nan shi ke fasa kaskon baƙin mai. Hilux ta haura santimita 20 da tazara mai kyau. Ni dai ita zan ce ka ɗauka.

To wace Hilux? Nan ne mutane ke kuskure. Akwai mai fetur, injin 2TR, lita 2.7. Akwai masu gas, 2KD da 1KD. Masu gas sun fi ja, sun fi tsimin mai, gaskiya ne. Amma allurar da ke fesa mai cikin injinsu, wato nozul, ba ta yafiya. Ka sha gas mai ruwa ko wanda aka gauraya da kananzir a wani gidan mai na bakin hanya, nozul ya tafi, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne. Sannan bel ne ke juya su, ana canza shi a kilomita 150,000, in ya tsinke a kan gudu injin ya tashi aiki. Mai fetur ɗin sarƙa ce da shi, ya fi haƙuri da man da ba shi da kyau, kuma kowane gareji a Arewa ya san shi. Tankinta na cin lita 76 zuwa 80. Da kaya, ka yi lissafin lita 12 ko 13 a kilomita 100, wato tanki guda ya kai ka wajen kilomita 600. Kada ka jira hakan. Da allura ta sauka rabi, ka cika. Jarkar ƙarfe biyu masu lita 20 sun isa, a ɗaure su a bodi, ba cikin gida ba.

Giya kuma, ka nemi ta hannu. In batir ya mutu ko kik ya ƙi, mutum uku su tura ta tashi. Mai otomatik ba a tura ta, kuma man giyarta na dahuwa cikin yashi. In mai jan ƙafa huɗu ce, don Allah kada ka sa ta a 4H, wato giyar da ke sa ƙafa huɗun su ja tare, a kan busasshiyar kwalta, ƙarafan ciki ne ke murɗewa. Sai ka sauka burji ko laka.

Yanzu wajen saye, a kasuwar motoci ta Berger ne ko a hannun wani. Ka tafi da bakanikenka da sassafe, ka ce kada a tayar da motar kafin ku zo, don inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu kamar madarar da aka dama da shayi, ruwa na shiga mai, gaskit ya ƙone, ka juya. Ɗaga kafet ɗin ƙasa, ka sa hanci, ka duba ƙarfen ƙarƙashin kujera. Tsatsa a wurin, ko busasshiyar laka cikin akwatin fiyus, alamar motar ta kwana cikin ruwa ce, ko can ƙasar waje ko nan Lekki. Irin wannan wayoyinta na ruɓewa a hankali, sai a tsakiyar daji ta nuna hali. A shiga rami a duba shasi da tocila, a nemi wurin da aka yi walda. Lambar shasi guda 17 ce, haruffa da lambobi, ka gwada ta jikin mota da ta takardar kwastan, su zo ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. A Legas an saba cire tamostat, ɗan abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan famfo. Wallahi wannan cutar da inji ce. Ba tare da tamostat ba injin ba ya kai zafin da aka yi shi a kai, yana zuƙar mai, kuma a wasu injinan ruwan na zagayawa ta gajeriyar hanya bai ratsa lagireto ba. Ruwan famfo kuma shi ke haifar da tsatsar da ke toshe ƙananan bututu. A mayar da tamostat, a wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Ka canza murfin lagireton ma, ɗan abu ne mai araha, amma in sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa tun kafin lokaci. Robobin ruwa na sama da na ƙasa, ka matsa da hannu, wanda ya yi laushi ko ya kumbura a cire.

Taya. Kada ka sa tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT, misali 2322, ma'ana mako na 23 a shekarar 2022. Wadda ta haura shekara biyar ka bar ta ko da zanenta na sheƙi, zafin kwaltar Neja da rana tsaka zai fasa ta. Sababbi huɗu iri ɗaya, safaya biyu. Rim 16 mai kaurin roba ya fi manyan rim na ado, don robar ce ke karɓar dukan rami. Iska a auna da safe kafin a motsa, a bi takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Man birki a zubar a sa sabo, yana tsotsar danshi, danshin Legas kuwa kun san shi, in ya yi zafi sai ka taka birki ka ji ya tafi ƙasa. Shokazoba huɗu, boljoyin da tayarod a girgiza a gani. A sa wa cikin inji farantin ƙarfe na milimita 3, da ƙusoshin da ake kwancewa, kada a yi masa walda.

A akwati: fanbel, famfon mai, filtar mai biyu, filogi, fiyus, baƙin mai lita 4, igiyar ja, jak da guntun katako mai faɗi, ruwan sha lita 20. Takardu kuma ka san 'yan Road Safety da VIO, lasisi, inshora, shaidar lafiyar mota, abin kashe gobara da alamar tsayawa.

Duk gyaran nan a gama shi saura mako biyu. Sai ka loda mata ainihin kayan da za ka tafi da su, ka yi Ibadan ka dawo, da kwandishan a kunne, idonka a kan allurar zafi. Kana dawowa ka ajiye ta a kan siminti mai tsabta ta kwana, da safe ka leƙa ƙasa ka ga me ya ɗiga, a sake ɗaure ƙusoshin taya. Alhaji, in ka je ganin Hilux ɗin gobe, ka turo hoton lambar shasi da na cikin murfin mai nan zauren mu duba tare. Sai da safe.