Amsa ga ƙanwarmu kan "care for" da 'yan uwanta

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Ƙanwata, na saurari muryarki tun ɗazu, hannuna ne bai samu sarari ba sai yanzu. Kin ce kina cike takardar neman aikin kula da tsofaffi, kina so ki nuna cewa shekara uku ke ce ke ɗawainiya da Mama, sai kika rikice tsakanin care for da care about da take care of da look after, har kika rubuta "I was my mother's caretaker". To, tsaya tukuna, kada ki tura takardar nan. Bari mu warware su.

Abu na farko da nake so ki riƙe, kalmar care tana da ƙafa biyu, ɗaya a zuciya, ɗaya a hannu. A tsohon Turanci ma asalinta ba kulawa take nufi ba, baƙin ciki da damuwa take nufi. Wato abin da ya tsaya miki a rai ya hana ki barci. Daga baya ne ma'anar ta gangaro zuwa ga aikin da wannan damuwar take sa mutum ya yi. Idan kin gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Care about na zuciya ne zalla. Idan kika ce "I care about my mother", kin ce kin damu da ita, tana ranki. Amma ɗan'uwan da yake wata ƙasa, wanda bai taɓa ɗaga ta daga gado ba, shi ma zai iya faɗin haka, kuma bai yi ƙarya ba. Saboda haka mai ɗaukar aiki ba zai fahimci komai game da ƙwarewarki daga wannan jimlar ba.

Take care of da look after su ne na hannu. Su ne tashi cikin dare ki juya mara lafiya kowane awa biyu don kada fatar bayanta ta yi gyambo, ki duba ko ta sha magani, ki canza shimfiɗa, ki riƙe ta zuwa banɗaki. Ma'anarsu kusan ɗaya ce, sai dai look after ta fi yawa a bakin mutanen Ingila, su kuma 'yan Amurka sun fi cewa take care of. Amma ki lura, take care of tana da wata ma'anar ta gamawa da wani al'amari. Mutum zai ce "I'll take care of the bill", wato ni zan biya, ku bar min. Ba mutum kaɗai ake take care of ba, har matsala.

Yauwa, sai care for, wadda ita ce ainihin tambayarki, kuma ita na fi so a cikinsu, domin ta haɗa ƙafafun nan biyu. "I cared for my mother for three years" tana nufin kin yi jinyarta da hannunki, kuma a cikin kalmar ana jin ƙauna. Ita ce ta dace da takardarki. Sai dai tana da tarko, kuma tarkon yana fitowa ne idan an kore ta, wato an sa mata don't. Idan Bature ya ce "I don't care for him", ba ya nufin ba ya jinyarsa, yana nufin mutumin bai kwanta masa a rai ba. Hanya ce ta ladabi ta cewa ba na sonsa. Na taɓa ganin wannan ya kusa jawo rigima. Lokacin da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, wata likita ta tambayi ƙanena ko shi ne mai kwana da shi. Yana so ya ce a'a, yayata ce, sai ya ce "No, I don't care for him." Na ga yadda fuskar matar ta canza, ta ajiye biro ta dube shi. Sai da na shiga na yi bayani. Yaron nan kuwa shi ne ya fi kowa kuka a kan Baba. Har yau abin yana taɓa ni. Abin da ya kamata ya ce shi ne "I'm not the one looking after him". Haka kuma idan aka ce miki "Would you care to sit?", tayi ake miki cikin girmamawa, ko za ki zauna.

Yanzu caretaker ɗin da kika rubuta. A Ingila caretaker mai kula da gini ne, wanda yake riƙe makullan makaranta, yana gyara famfo da fitila. Shi ya sa ma ake kiran gwamnatin riƙon ƙwarya caretaker government. A Amurka ana iya kiran mai kula da mutum da wannan sunan, amma ko a can caregiver ta fi fitowa fili. Mutanen Ingila kuwa carer suke cewa, har gwamnatinsu tana da alawus da ake kira Carer's Allowance ga wanda yake kula da wani aƙalla awa 35 a mako. To ki duba inda takardar za ta, ki zaɓi carer ko caregiver.

Akwai kuma nurse, ba sunan ma'aikaciyar asibiti ba, aikatau, wato kalmar aikin kansa. Tushenta daga Latin ne, kalmar da ke nufin ciyarwa da shayarwa, uwa ɗaya suke da nourish da nurture. Shi ya sa har yanzu, musamman a Amurka, "she is nursing the baby" na nufin tana shayar da jariri. Ma'anar jinya ta ƙwararru ta ƙara kafuwa ne bayan Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860. Za ki iya cewa "I nursed my mother through her illness", daidai ne, kuma tana da nauyi. Amma kada ki ce "I was her nurse" alhali ba ki da shaidar karatun jinya, za su ɗauka kin yi da'awar abin da ba ki da shi. Wani abin kuma, ana nurse ɗin ƙullaci, "nurse a grudge", wato mutum ya riƙe gaba yana renonta a ciki kamar jariri. Kin ga mu ma jinya fuska biyu take da ita, mara lafiya yana jinya, mai zama da shi ma yana jinya.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Mind ta ɗan lokaci ce, kamar ki ce riƙe min yaron nan in dawo, daga ita childminder ta fito. Tend ta fi zuwa da lambu, dabbobi ko rauni. Foster riƙon ɗan wani ne. Raise da bring up su ne reno har girma.

Saboda haka ga abin da za ki rubuta: "I cared for my mother at home for three years." Sai ki biyo da ayyukan ɗaya bayan ɗaya, wanka, magani, kai ta ganin likita, zaman dare. Kada ki raina su, mun ga yadda kika yi su. Idan kin gyara ki turo min ta gefe in duba kafin ki aika. Ki gaida min Mama, Allah ya ƙara mata sauƙi.